Fitilar da Ba Ta Kifta Ba

Da na isa gidan Gogo Sittana a unguwar Alsawra ta Umdurman, babu sawu ko ɗaya da aka rage mini. Tun jiya da hantsi abin ya faru, amma sai da kowa ya gama zuwa jaje, aka tattake tsakar gida, mata suka share suka yayyafa ruwa, sannan aka tuna akwai wani Ado mai bin sawu, wato ni, a Alshajara can Hartum. Haka mutanenmu suke. Sai sun wanke tukunya tas, sannan su kira ka ka faɗa musu miyar da aka dafa a ciki.

Mainasara ne ya je ya ɗauko ni. Ƙanen Gogo ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma abokina tun muna samari muna aikin auduga a Jazira. Ni na koma bin sawun shanun sata, shi kuma ya biyo yayarsa Umdurman yana kula mata da lambun bayan gida. A motar haya ya ba ni labarin, murya ƙasa-ƙasa, don a shekarun nan na mulkin soja ko kujerar mota mutum bai yarda da ita ba.

Lokacin kamen samari ne. A tare bas a bakin gada, a sauke duk wanda gemunsa ya fara tsiro, a kai shi sansanin horo, daga can sai kudu inda ake yaƙi. Rana ɗaya, a bas ɗaya, aka sauke Salahuddin, autan Gogo, da Hussein, ɗan Mainasara. Salahuddin ya samu ya tsere daga sansanin ya dawo gida, Hussein bai samu ba. Gogo ta ɓoye ɗanta a ɗakin kayan lambu, can ƙarshen fili, wani ɗan ɗakin laka mai rufin kwano da kafa ta baya da ke fita kwari. Zafi ya nemi ya kashe yaron a ƙarƙashin kwanon nan. Shi ya sa surukinta Wa'il, mijin 'yarta Mawahib, wanda ke aikin lantarki a Bahri, ƙetaren kogi, ya jawo masa wuta daga gida: fanka ɗaya, da ƙwan fitila wanda makunninsa ke ɗakin girkin Gogo. In ƙwan ya kama ya tsaya, abinci na zuwa. In ya yi ta kiftawa, baƙi sun shigo, ya bi kafar baya ya faɗa kwari.

"Jiya mota marar lamba ta tsaya a ƙofa," in ji Mainasara. "Yaya ta yi ta danna makunni har yatsanta ya yi ciwo. Ƙwan bai kifta ba. A zaune suka same shi."

* * *

Kafin in cire takalmina, gidan ya riga ya gama shari'a. Wa'il ne. Wa ya sa wayar? Shi. Wa ke yawo Bahri yana gyara wuta a gidajen manya? Shi. Ga shi uwarsa ba Bahaushiya ba ce, Hausarsa rabi Larabci, kuma ba a taɓa ganinsa ya riƙe fartanya ba. An kulle shi a ɗakin baƙi, wai don kada a taɓa shi, amma samarin da ke zaune a inuwar bango da sanduna ba tsaronsa suke yi ba. Magariba suke jira.

Gogo na same ta a ɗakin girki, zaune a ƙasa kusa da kaskon toya kisira, wainar dawar nan mai faɗi, idonta a kan makunnin. Ba ta yi kuka a gabana ba. Mawahib ce ke kukan a kuryar ɗaki, da cikinta na fari da ya fito sosai.

"Malam Ado," Gogo ta ce, "ban kira ka don ka dawo mini da Auta ba, wannan sai Allah. Na kira ka ne ka faɗa mini wanda ya ci kisirata ya sayar da ɗana. In mijin yarinyar nan ne, wallahi ba ta ƙara taka ɗakinsa, abin da ke cikinta ma ba zai san muryarsa ba."

"Su wa suka san da ƙwan nan, Gogo?"

"Ni, da ita, da mijinta, da Mainasara. Mainasara ya haƙa ramin, Wa'il ya shimfiɗa silik, wayar wutar."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Mainasara kuwa a bayana ya girma, da shi a goye nake cirar auduga. Nasa ɗan ma yana hannunsu. To wa ya rage?"

Ni ma ban sa Mainasara a cikin zance ba.

* * *

Abin da na fara fata shi ne a ce babu maci amana. A Hartum na lokacin, ranar da aka bar wuta ita ce labari, ba ranar da aka ɗauke ba. Sai na leƙa wurin maƙwabciyarsu Bakhita, mai sayar da ƙanƙarar karkade, wato zoɓo, a leda, don ita ko wutar ta yi tari sai ta sani.

"Jiya?" ta ce, tana goge hannu da gefen mayafi. "Jiya ce ma ranar da kaharaba, wutar nan, ta yi mana mutunci. Firijina bai huta ba tun asuba har la'asar. Ka bar zancen ɗaukewa, ya Haj. In kana neman mai dogon baki, je ka tambayi Ibrahimu abin da yake yi a kan tsani kullum yana leƙen lambun mutane."

Ibrahimu ɗan kwamitin unguwa ne, shi ke raba katin sukari, saboda haka kowa na gaishe shi, ba wanda ke sonsa. Na tarar da shi a gindin tsanin yana watsa wa tantabaru dawa. Da ya zo ba ni hannu na ga yana jan ƙafar hagu.

"Na san yaron yana nan tun ranar da ya dawo," ya ce, ba tare da na tambaya ba. "Tantabaruna suka daina sauka a rufin nan, sai na gane akwai mutum a ciki. Da kai ƙara nake so, me zai sa in jira har zafi ya shigo? Ubansa ne ya yi wa mahaifina wankan gawa, ya zol, bawan Allah."

"Ƙwan fitilar fa?"

"Wane ƙwai?"

Na hau tsanin da kaina. Kan bangon da ya raba gidajen biyu cike yake da fasassun kwalabe, ƙura da kashin tantabara sun kwanta a kansu yadda suke. Ba mai jan ƙafa ba, ko kyanwa ba ta tsallaka wurin ba a kwanan nan. Na sauko ina jin haushin Bakhita, na ɓata hantsina a banza.

* * *

Na sa aka buɗe Wa'il. Yaro ne siriri, idonsa ya yi jawur, leɓensa a kumbure inda wani mai gaggawar lada ya riga ya sa hannu. Na ce ya nuna mini aikinsa daga farko.

Ya kai ni akwatin wuta da ke bangon ɗakin girki. Ya ce bai yarda ya rataya waya a sama ba, don kowa zai ga inda ta nufa. Sai ya ba layin lambu nasa fiyus daban, domin ko wani abu ya same shi kada gida ya yi duhu. Ya zura wayar fanka da ta ƙwai cikin bututun roba, aka binne shi zurfin hannu, ya jera jan bulo a kansa don kada fartanya ta same shi. Yana magana yana zaro fiyus ɗin, sai ya tsaya cak. Cikinsa ya ƙone baƙi ƙirin.

"Ga shi nan!" wani ya ce daga baya. "Aikin banza, ko aikin ganganci."

"La, wallahi la!" Wa'il ya juyo wurina, yana kirana Ammi, wato baffa. "Ya Ammi, da ni ne, me zai kai ni ƙona fiyus? Sukuru ɗaya zan kwance, in an gama in mayar, halas, ba wanda zai sani har tashin ƙiyama. Fiyus ba ya ƙonewa haka sai silik biyu sun taɓa juna. A ƙarƙashin ƙasa aka ji wa wayar ciwo. Ku ba ni fartanya in tone, za ku gani."

"Ya ɓatar da yaro, yanzu kuma lambu zai ɓata," in ji Mainasara daga bakin ƙofa. "Ya tone don ya gyara ƙaryarsa ke nan?"

Na ce ba wanda zai tone komai, kuma ba wanda zai biyo ni lambun.

* * *

Rana ta take tsaka lokacin da na shiga. Nan ma an riga ni: lambun duk ya sha ruwa tun jiya da yamma, kowace kunya ta zama taɓo. Mainasara ko ranar makoki ba ya fasa ban ruwa, na san halinsa, ban kawo komai a raina ba. Na bi layin da Wa'il ya nuna mini da yatsa, daga gindin bangon ɗakin girki, ta cikin lalo, ta gefen albasa, har bayan bishiyar lemun tsami. Wurin nan ne kaɗai tagar Gogo ba ta gani, ƙofar ɗakin lambu ma ba ta gani.

Kuɓewa ce a wurin, jere guda, duk ta miƙe tana shan rana, ban da 'yan tsiraru a tsakiya da kansu ya langaɓe. Na tsuguna. Kowace ɗaya an tsinke mata manyan ganyen ƙasa da farce, an kewaye gindinta da 'yar kunya an danne da diddige, sannan an soka guntun kaba ta yamma da ita, a karkace, yadda ranar la'asar ba za ta dake ta ba.

Na zauna a taɓon. Na san wannan hannun. A Jazira, in mai duba gona ya ga gurbin auduga babu tsiro, a jikinka zai fanshe. Wani tsoho, Baba Nagoggo, shi ya koya mana yadda ake ciro tsiro da ƙasarsa a cike gurbi ba tare da ya mutu ba: ka rage masa ganye, ka yi masa kunya, ka soka masa inuwa ta yamma. Mu biyu ya koya wa a rana ɗaya, ni da Mainasara, ya ce wanda ya bar dashe a rana ba ɗan halak ba ne.

Na bi sawun ɓarayi har bakin Habasha, ban taɓa jin tsoron abin da zan tarar ba sai ranar. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba don Gogo kaɗai ba. Mutumin nan ya zauna kusa da ni a mota, kafaɗarsa na gugar tawa, ya biya mini kuɗin kujera, yana kai ni in ɗora laifinsa a kan yaron mutane. Ya san idona, ya san abin da nake iyawa, shi ya sa ya wanke ƙasar da ruwa kafin ya je kirana. Na yi tunanin in bi kafar bayan nan in tafi Alshajara, in ce ban ga komai ba. Sai iska ta kawo mini kukan Mawahib daga cikin gida.

* * *

Bayan la'asar na ce a taru a gindin lemun. Gogo ta zo Mawahib na riƙe da ita. Bakhita ta zo ba a gayyace ta ba, Ibrahimu ya jawo ƙafarsa, samarin suka tsaya baya da sandunansu. Mainasara ya tsaya gefena da fartanyarsa a kafaɗa, kamar yadda ya saba.

"Wa'il," na ce, "a nan wayarka ta bi?"

"A nan, ya Ammi."

"To kawar mini da kuɓewar nan in ga ƙasa."

Yaron Bahri, me ya sani? Ya kama ta a wuya ya fizge kamar mai zare filogi, saiwoyin suka tsinke, ya jefar gefe ya kai hannu ga ta biyu.

"Kai! Kai!" Mainasara ya daka tsawa, ya ture shi. "Ba haka ake yi ba! Ba ka ga jiya-jiya ta koma ƙasa ba?"

Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji ta.

"Jiya ta koma ƙasa," na ce. "Me ya fito da ita, Mainasara? Kuɓewa ba ta son dashe, kai ka fi kowa sani."

Na karɓi fartanyar daga kafaɗarsa, bai hana ni ba. Na tone da kaina. Ƙasar ta yi laushi, bulo biyu suna kwance ba yadda 'yan'uwansu suke ba, a ƙarƙashinsu bututun roba a sare gida biyu, bakin wayoyin sun narke sun manne da juna. Na juya fartanyar na nuna wa Gogo bakinta. Akwai ɗan giɓi baƙi inda wuta ta ciji ƙarfen.

"Gogo," na ce, "mai lantarki ba ya saran waya mai wuta da fartanya, ya san abin da ke ciki. Baƙo kuwa, in ya tone, ba ya tsayawa mayar da tsiro. Wanda ya yi wannan ya zo da sassafe lokacin ban ruwa, lokacin da ba wanda zai yi mamakin ganinsa a duƙe. Fanka ta tsaya, yaro ya ɗauka ɗaukewar wuta ce ta kullum. Komai ya yi daidai, abu ɗaya ne ya gagare shi. Bai iya barin dashe a rana ba."

Gogo ta saki hannun Mawahib. Ta dubi ƙanenta, ta daɗe tana dubansa.

"Mainasara?"

Ya durƙusa a taɓon. "Yaya, Hussein ne. Na yi ta zuwa ƙofar sansanin ina roƙo. Wani mai farar riga ya ja ni gefe ya ce in na ba su wanda ya gudu, za su cire nawa daga masu tafiya kudu. Naki yana kwance a ƙarƙashin fanka yana cin kisira, nawa yana can. Tare aka kama su, ya gudu ya bar ɗan'uwansa! Na ce ai Salahuddin mai wayo ne, wanda ya tsere sau ɗaya zai sake tserewa. Hussein ba shi da wayo, Yaya, kin san shi."

"Sun cire shi?" Ni na tambaya, don ba wanda ya iya.

Ya sunkuyar da kai. "Na biya ta can da safen nan kafin in je ɗauko ka. Mai gadi ya ce an wuce da su tun shekaranjiya."

Shekaranjiya. Tun kafin ya ɗaga fartanyar ke nan. Bakhita ta ɗora hannu a ka tana salati, samarin suka fara matsowa, ɗaya ya gyara riƙon sandarsa.

"Kada wanda ya taɓa shi," Gogo ta ce, ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuya ta zare guntun kabar nan daga gindin kuɓewa, ta juya shi a hannunta. "Ka tsaya ka yi wa kuɓewa inuwa. Yarona yana can bayan bango yana jiran abincin safe, kai kana nan kana tsoron kada rana ta taɓa kuɓewa." Ta ajiye masa kabar a gabansa. "Goyon da na yi maka na yafe. Wannan ban yafe ba. Ku buɗe masa ƙofa."

Ya tashi ya bi ta tsakanin samarin, suka dare masa hanya. Da ya zo daidai ni ya ɗan tsaya, kamar zai ce wani abu. Na kau da kai, don da na dube shi da na yi kuka a gaban yara.

Gogo ba ta kalli Wa'il ba, surukai ba sa haɗa ido ko a irin wannan rana. 'Yarta ta juya wa.

"Ki ce da mijinki ya yafe mini, na zalunce shi. In ya yafe, ki ce ya haɗa mini silik ɗin nan kafin ku tafi gida."

Wa'il ya goge jinin leɓensa ya je ya ɗauko jakar kayan aikinsa. Ya yanke wurin da ya ƙone, ya haɗa, ya naɗe, ya sa sabon fiyus, ya mayar da bulo. Ana shirin kiran magariba ya gama. Gogo ta shiga ɗakin girki, muka ji ƙarar makunni sau ɗaya. Ta ƙofar ɗakin lambun da aka ɓalle, muka ga ƙwan ya kama ya tsaya, alamar abinci na zuwa.

Ban ƙara ganin Mainasara ba, ban kuma neme shi ba, ni da bin sawu ne sana'ata. Amma duk ranar da hanya ta bi da ni Alsawra nakan leƙa ta kwarin nan, kuma in dai akwai wuta a unguwar, ƙwan yana kunne ko da rana tsaka. Kuɓewar kuwa ba wanda ya ƙara ba ta ruwa.